Ranar da Ummanki Ta Shirya Ki Ta Jira Ni

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya kai ki inda za ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa ki dawo ki same mu lafiya.

Na san za ki yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma ga wasiƙa. Za ki ƙara mamaki in kin ga sunanki a sama da rubutun hannuna. Tun ranar da aka raɗa miki shi bakina bai taɓa furta shi ba. In ina nemanki sai in ce wa ƙannenki su kira mini Yayarsu, in ba kowa a kusa kuma in yi ta gyaran murya har ki gane. Haka muka taso muka tarar ana yi wa ɗan fari, ba a kama sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Alƙalami bai san wannan kunya ba, shi ya sa na fake da shi.

Gobe za ki tafi da 'yan ƙungiyarku ƙauyukan Rano, ku yi damina a can kuna riga-kafi, kuna koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari, kuna koya wa matasa ɗinki da yin sabulu, ba wanda zai biya ku. An ce ke suka zaɓa shugaba. Ranar da aka ba ni labari a majalisa cewa na yi, "To, madalla," na ci gaba da murɗa rediyona, amma wallahi a zuciyata kamar in tashi in taka rawa. Ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba. Abin da ya zaunar da ni shi ne ba na son ki hau motar nan da abin da ke tsakaninki da Ummanki.

Ina nufin maganar da kika yi mata bayan ƙaramar Sallah. Kin dawo daga makarantar koyon aikin lafiya, kin jingine sandarki a bakin rijiya, ita tana tankaɗe, kika ce, "Umma, ashe ɗigo ne kawai ake yi a baki. Kyauta ma ake yi, amma kika kasa kai ni." Ta ce, "Haka Allah ya ƙaddara," ta ci gaba da tankaɗenta. Ina bayan ƙyaure da buta a hannuna, na ji komai, na lallaɓa na fice masallaci tun ba a kira salla ba. Daga ranar gaisuwarku ta koma irin ta maƙwabta, ina kwana, lafiya lau, kowa ya kama gabansa. Kin ɗora mata kayan da ba nata ba, kuma ni na tsaya ina kallo kina ɗorawa. Ki saurara ki ji yadda aka yi.

Shekarar da aka haife ki ita ce shekarar da soja suka fara mayar da mulki hannun farar hula, kamar yadda suka sake yi bana. Irin zumuɗin da nake gani a fuskokinku yanzu, mu ma mun yi shi, har mun fi ku. Kowane saurayi ji yake an danƙa masa ƙasar a hannu. Lokacin tsakaninmu da Tarauni gonakin dawa ne da kududdufai, ba a ma fara zancen asibitin koyarwa ba. Muka kafa ƙungiyar taimakon kai da kai. Duk Asabar muna aikin gayya, mu yashe kwata, mu cike ramukan da sauro ke ƙyanƙyasa, mu bi kafintoci da masu gyaran keke muna roƙo su ɗauki yaran da ke zaman banza su koya musu sana'a. Ni malamin firamare ne, na iya tsara magana, sai aka ce ni ne shugaba. Muka samo wata lasifika mai batir, ni kuwa na ƙaunace ta fiye da kima. Ko yashe kwata za a yi, wasu na cikin taɓo har gwiwa, ni ina bakin kwatar da farar riga ina cewa, "Jama'a a ƙara himma!"

Wadda ta shigo mana da zancen lafiya ita ce Sista Rifkatu, wata Kirista 'yar wajen Zonkwa, ma'aikaciyar jinya a cikin gari, tana haya ita da yayanta a bayan layinmu. Ba ta da tsawo, ba ta da tsoro. In ta tashi daga aiki sai ta yafa gyale ta bi gida gida, ta shiga har ɗakunan matan da ke kulle, inda mu maza iyakarmu zaure. Ni kuwa na fi son zauren. A shimfiɗa tabarma, a tara magidanta, in yi ta bayani suna gyaɗa kai suna cewa, "Ƙwarai kuwa, Malam." Wata rana ta tare ni ta ce, "Shugaba, maganar da kake yi a zaure, a zauren take kwana. Ka taɓa ganin namiji da goyo? Ka bar mu mu samo 'yan mata su shiga ƙungiya." Na ce mata unguwar nan ba a saba da haka ba. Gaskiyar magana ita ce ina tsoron abin da abokan hirata na majalisa za su ce.

To ki kiyaye wannan. Dagaci da liman da magidanta, ki ba su girmansu, ki fara da su, don ba za ki shiga gari sai ta ƙofarsu ba. Amma kada gyaɗa kansu ya ruɗe ki. Aikinki yana can ciki, bakin murhu, wurin wadda za ta tashi in yaro ya yi kuka. In kuma kika ga kin fara jin daɗin muryarki a gaban taro, ki miƙa wa wani maganar, ke ki ɗauki guga.

Sista Rifkatu ce ta yi ta sintiri har aka yarda za a turo motar riga-kafi unguwarmu, a tsaya a filin makarantar da nake koyarwa. Muka yi mako muna shela. Ni da bakina na zaga Gyadi-Gyadi da Tarauni har Darmanawa ina cewa duk mai jariri ya kawo shi a ɗiga masa maganin shan inna. Lokacin kina 'yar wata kaɗan. Kakarki Hajiya, mahaifiyata, ita ke yi miki komai, wanka da goyo da rarrashi, Ummanki sai dai ta ba ki nono ta kawar da kai. Ana gobe za a yi sai aka yi rasuwa a Ƙauyen Alu, Hajiya ta tafi zaman makoki.

Da safe Ummanki ta kawo mini koko. Ta durƙusa, ta ajiye, ba ta tashi ba. Ta ce, "Yau ne ake ɗiga wa yara abin nan ko?"

Na ce, "Yau ne."

Ta shiga wasa da bakin zaninta. Can ta ce, "Hajiya ba ta nan. Akwai kuma ta gidan nan."

Ki duba ki gani. Yarinya ce 'yar shekara goma sha wani abu, a gidan surukai, cikin kulle, ba ta taka ƙofar gida sai da izinina, tana magana a kan 'yar farinta. Ba za ki san nauyin da ta ɗaga kafin waɗannan kalmomi su fito ba. Ni na sani, don ni ma kunyar ta kama ni har na ƙware da koko. Na ce, "Za a turo a ɗauke ta." Na saɓa lasifikata na fita.

Fili ya cika. Tsofaffi da 'yan mata da goyo sun yi layi har bakin titi, ina tsakiya ina ba da umarni. Wajen hantsi Sista Rifkatu ta ɗago daga kan akwatin ƙanƙarar da maganin ke ciki, ta ce da ƙarfi a gaban kowa, "Shugaba, ina taka? Ban ga taka ba." Abokina Ɗanlami, wanda kika sani, mai shagon taya, ya fashe da dariya ya ce, "Haba Sista, ai ba a yi masa zancen 'yar fari. Dubi yadda gumi ya keto masa!" Samari suka ɗauka, wani ya ce a ba Shugaba zani ya je ya goyo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗaure fuska na ce, "Ni ba ni da wata 'ya a nan. A gama da na mutane tukuna."

Ta matso kusa, ta rage murya, ta ce, "To ba sai ka ɗauko ba. Ka tura wata, ko ka ce in je da kaina, yanzu zan dawo." Da na ce mata je ki, da shi ke nan. Amma idon Ɗanlami na kaina, kuma an ce sabon ɗan majalisarmu na hanya zai zo ya ga aiki. Na ce ta bari sai an jima. Ɗan majalisa ya zo da motoci da maroƙa, na yi jawabi, ya yi jawabi, aka ɗauki hoto ina kusa da shi. Kafin hayaniya ta lafa magani ya ƙare, ma'aikata suka naɗe kayansu.

Da na shiga gida bayan la'asar na tarar da ke a kan tabarma a ƙofar ɗaki. An yi miki wanka, an sa miki kwalli, an sa miki rigar da aka ɗinka ta suna da 'yar hular saƙa, ga zanin goyo a ninke a gefe. Tun safe kike a shirye. Duk sallamar da aka yi a zaure sai Ummanki ta miƙe, tana zaton 'yar aiken ce. Ta dube ni, na kawar da kai, na ce a kawo mini ruwa. Ba ta tambaye ni ba. Ta ɗauke ki ta cire miki rigar.

Ga abin da nake so ki riƙe, kuma ba na jin an koya muku shi a makaranta. Duk gidan da kika shiga, in uwa ta lissafa miki 'ya'yanta, ki sani mai yiwuwa akwai wanda ta tsallake. Ba mantawa ta yi ba, bakinta ne ba zai iya ba. Ki tambayi kaka, ki tambayi maƙwabciya, ki ce ina na farin. Kada ki sa uwar ta miƙo shi a gaban surukanta, ke ki sunkuya ki ɗauka. Sannan kafin ku taɓa gidan kowa, ki bi 'yan ƙungiyarki ɗaya bayan ɗaya ki tabbatar an yi wa na gidajensu. Mai shela shi ne wanda ba wanda zai tuna ya tambaya.

Kada ki ce ai rana ɗaya ce. Na so in ruɗi kaina da haka, amma ba gaskiya ba ne. Motar za ta sake dawowa, mu muka hana ta. Bayan hoton nan ɗan majalisa ya aiko mana da huluna da riguna masu alamar jam'iyyarsa, na karɓa, na raba. Rabin 'yan ƙungiya 'yan ɗaya jam'iyyar ne, suka ce an sayar da su. Aikin gayya ya koma filin zage-zage, wanda kuka shiga kwata tare jiya yau ba ya amsa sallamarka. Sista Rifkatu ta miƙe a taro ta ce ita ba za ta shiga gidan mutane da hular kowa ba, don ciwo ba ya tambayar jam'iyya. Sai wasu suka fara ƙus-ƙus, wai ita baƙuwa ce, me ya kai ta shiga gidajen Musulmi tun farko. Na san ƙarya ce da sharri. Matar nan ta karɓi haihuwar rabin 'ya'yansu. Amma ina son kujerata, sai na yi shiru, aka cire sunanta ina zaune. Da ta tafi ba wanda ya san ofishin da ake zuwa a roƙo motar.

Yanzu ma 'yan siyasa sun dawo, kuma za su zo muku, da fara'a za su zo. Ki gaishe su, ki ba su wurin zama, in sun kawo magani ko keken ɗinki ki karɓa a gaban jama'a ki yi godiya. Hula da riga kuwa, ki ce su bar abinsu. Na ga akwai yaran Filato biyu a cikinku, da 'yar gidan malamin nan na Kafanchan. Duk ranar da wani ya fara zancen su ba 'yan gari ba ne, a ranar za ki taka masa burki, kada ki bari a kwana. Ni na bari an kwana, ban sake samun bakin magana ba.

Ko bayan ƙungiya ta watse, asibitin cikin gari yana nan, ana yin ɗigon nan. Kekena yana nan. Hajiya ta ɗauka an yi miki ranar da ba ta nan, Ummanki ba ta da fuskar sake tayar da zancen, ni kuma kullum sai in ce wani makon. Abin da ke hana ni bai wuce in tuna yadda zan ratsa ta gaban majalisa da jaririya ba. Haka watanni suka yi ta wucewa.

Kin yi saurin tafiya. Kina bin kaji a tsakar gida kina faɗuwa kina tashi, ina kallonki ta wutsiyar ido ina yi kamar jarida nake karantawa. Sai zazzaɓi ya kama ki. Da ya sauka Hajiya ta tsayar da ke, ƙafar hagu ta lanƙwashe kamar tsumma. Ta sake tsayar da ke, kika sake zubewa. Mata suka taru, aka ce iska ce, Inna ce ta sha ƙafar, aka shiga hayaƙi da shafe-shafe. Ni kaɗai a gidan na san sunan abin da kuma abin da ke hana shi, tunda ni na zaga unguwa ina faɗa.

Sista Rifkatu ta ji labari, ta zo, ita da muka kora. Ba ta yi mini gori ba. Ta duba ƙafar, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini ke ta ce, "Malam, riƙe ta in gyara zani." Ran nan na fara ɗaukarki. Jikinki ba nauyi, kika kama gemuna kina kallona kamar baƙo. Ita ta goya ki zuwa asibiti, ina biye da keke a hannu. Likita ya ce ƙafa ta riga ta tafi, sai dai a koya miki tafiya da ƙarfe da sanda. Bayan shekara biyu aka yi wa yayanta canjin wurin aiki suka bar Kano. Ban je sallama ba don kunya, kuma har yau ban nemi gafararta ba.

Mafi muni shi ne abin da ya biyo baya. Mata suka ce sakacin uwa ne, wai ta bar ki a bakin ƙofa da magariba. Hajiya ma, Allah ya jiƙanta, ta faɗa, ta maimaita. Ummanki ta san wanda ya ce za a turo. Kalma ɗaya za ta yi ta wanke kanta, ba ta yi ba, don kada ta tona mini asiri a gaban uwata. Ni kuma na samu inuwa na fake. Shekara ashirin tana ɗauke da wannan, har ranar da ke ma kika ɗora mata naki a bakin rijiya. Ina jin takaicin ƙafarki kullum, amma wallahi na fi jin kunyar wannan shirun. In wani abu ya ɓaci a aikinku, kuma zai ɓaci, kada ki bari ya faɗa kan wanda ba ya iya kare kansa. Ke ce shugaba, ki ce ni ce, tun abin yana ɗanye.

Kina ganin kamar ba ta damu da ke ba, don ba ta kama sunanki, ba ta jan ki a jiki kamar ƙannenki. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita na san abin da ba ki sani ba. Kina ƙarama, sai ta faki idon Hajiya ta ja ki ƙuryar ɗaki ta yi ta murza ƙafar nan da man shanu tana kuka ba sauti. Tun da kika fara makaranta har yau ba ta sa loma a baki da rana sai ta ji ƙarar sandarki a zaure. Dambun naman da take ta daka tun shekaranjiya, da ƙanwarki ta tambaye ta na wa ne, cewa ta yi na matafiya ne. Matafiya nawa gare mu a gidan nan?

Saboda haka ga roƙona, ba umarni ba ne, don ban ga bakin da zan ba ki umarni a wannan magana ba. Gobe kafin ki fita, ki shiga ɗakinta. Ba za ta kira ki ba, kada ki jira. Za ki tarar tana ninke kayan da an riga an ninke, ba za ta dube ki ba, wataƙila ma ta ce ki yi sauri kada mota ta tafi. Ki zauna duk da haka. Ki gaya mata kin san ta yi miki wanka ran nan, kin san ta jira. Ba sai kin ƙara komai ba. Fushin da kike yi kuwa halal ɗinki ne, ban ce ki zubar ba, amma ki kawo shi inda ya dace. Ga ni nan, in kin dawo ki faɗa mini duk abin da ke ranki, zan zauna in ji.

In kin fito daga wurinta, kada ki ba ƙaninki jakarki. Ni zan ɗauka. Za mu bi ta gaban majalisa, Ɗanlami na zaune, mu tafi a hankali da irin tafiyarki har bakin titin Zariya, duk wanda ya tambaya in ce 'yata zan raka.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ki ke da abokan tafiyarki, ya sa ku tarar da mutanen kirki. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar 'ya'yan mutane, ya ba ki ƙarfin da ƙafarki ta rasa a zuciyarki. Allah ya yi miki albarka, ya saka wa Ummanki da Aljanna, ni kuma ya yafe mini. Amin.

Wassalam.

Babanki.